DARASIN WATA: Kwamfuta Mai Araha, Mai Cin Wuta Kaɗan. A Saya Ko A Bari?

 

Darasinmu na wannan wata ya samo asali daga wata wasiƙa. Wani malamin ajin manya ne ya aiko mana da ita daga ƙauye. Ya ce 'yan ajinsa sun yi karo-karo bayan sun sayar da riɗi da gyaɗa. Suna so su sayi kwamfuta guda ɗaya, su da 'ya'yansu su riƙa koyo. Sun tura wakili Kano ya jiyo farashi. Wakilin ya zaga Fagge da Sabon Gari, ya koma gida a ruɗe. Wani ɗan kasuwa ya ce masa ya sayi babba ta girke. Wani ya ce ya sayi ta hannu. Wani ɗalibi kuma ya ba shi labarin wata 'yar mitsitsiya, wadda ba ta cin wuta sosai, manhajarta kuma kyauta ce. Malamin ya ce kuɗin nan gumin talakawa ne. Idan aka yi asararsu, ba wanda zai sake ba da ko kwabo. Don haka yana neman shawara.

To, ga shawararmu. A karanta a tsanake, a kuma tattauna a cikin aji.

1. ME ZA A YI DA ITA?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Manomi ba ya sayen garma sai ya san irin ƙasar gonarsa.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta gaba ɗaya. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ko ya san amsa, hannunsa zai yi ta rawa har lokaci ya ƙure masa. Wannan kaɗai dalili ne babba.

Akwai wasu dalilan. Ƙungiyar manoma tana buƙatar ajiye sunayen mambobi da lissafin taki da na bashi. Ana buƙatar buga wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma. Matasa suna so su koyi buga rubutu don neman abin kansu.

Amma idan abin da kake so shi ne aika saƙo, ko tura kuɗi, ko sauraron labarai, to wayar hannu ta wadatar. Kada ka sayi kwamfuta don wannan.

2. JIKI DA MANHAJA

Kwamfuta abu biyu ce. Akwai jikinta, wato ƙarfe da roba da gilashin da kake taɓawa. Akwai kuma manhaja, wato umarnin da aka rubuta aka zuba mata don ta yi aiki. Kwamfutar da ba ta da manhaja kamar rediyo ce da ba tasha.

Manhaja iri biyu ce. Za mu kwatanta su da irin shuka.

Akwai irin kamfani. Yana da kyau, amma sai ka saya, kuma sirrin haɗa shi yana hannun kamfanin. Haka manhajar Windows take. Ta kamfanin Microsoft ce na ƙasar Amurka. Ana biyan kuɗin izinin amfani da ita. Ba a yarda ka kwafa ka raba ba, kuma ba ka ganin yadda aka rubuta ta.

Akwai kuma irin gida. Kana ajiye shi, ka ba maƙwabci, wani ya inganta shi ya ba wani. Haka buɗaɗɗiyar manhaja take. An bar rubutunta a fili. Kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba, doka ba ta hana ba. Wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya fara wannan fafutika a 1983. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da ake kira Linux. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da wani nau'i na Linux mai sauƙin amfani, ya sa masa suna Ubuntu. Akwai kuma Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows.

Kada ka ɗauka Linux baƙuwa ce. Idan wayarka Android ce, to a kan Linux aka gina ta. Kana amfani da ita kullum ba ka sani ba.

A Ubuntu da Linux Mint ana samun LibreOffice. Da ita ake buga wasiƙa da yin jadawalin lissafi, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. A cikin Linux akwai tsarin rubutun Hausa, mai haruffan ɓ da ɗ da ƙ.

Ga wani abu da ya kamata mai saye ya sani. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake yi wa Windows 10. Sabuwar, wato Windows 11, ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Kwamfutocin hannu da yawa da ake shigowa da su Nijeriya na waɗannan shekarun ne. Manhajar da aka daina kula da ita kamar gida ce da katangarsa ke zubewa ba mai yaɓe. Ɓarayin intanet suna samun hanyar shiga. Amma irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci suna ɗaukar Linux lafiya lau, kuma ana ci gaba da sabunta ta kyauta.

3. KWAMFUTOCI UKU

Wanda ya shiga Kano neman kwamfuta, yawanci Titin Bairut za a nuna masa, a ƙaramar hukumar Fagge. Ba shi da nisa da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. A nan ake hada-hadar wayoyi da kwamfutoci, akwai kuma masu gyara. A Sabon Gari kuwa ana samun kayan wuta, batura da farantan sola. Kwamfutocin da aka ba wakilin labari iri uku ne.

Ta farko ita ce ta girke. Akwati ne babba da allon kallo daban. Tsohuwarta tana da araha, kayan gyaranta kuma suna da yawa. Amma tana cin wuta, kuma ba ta da batir. Da an ɗauke wuta ta mutu nan take.

Ta biyu ita ce laftop, wato tafi-da-gidanka. Allon kallo da allon rubutu da batir duk suna jikinta. Ta hannu ta fi sabuwa araha nesa ba kusa ba.

Ta uku ita ce 'yar mitsitsiyar. Wadda ta fi suna ita ce Raspberry Pi. Girmanta kamar katin banki. An ƙirƙiro ta a Kambirij ta ƙasar Ingila don koya wa yara kwamfuta. Ta fito a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35. A 2020 aka fito da Pi 400, wadda aka saka cikin allon rubutu, a kan dala 70. A 2023 aka fito da Pi 5. Da Linux suke aiki.

To amma a lura. Wancan farashin na tsurarta ne. Sai ka sayi allon kallo, da linzami, da caja, da katin ajiya, da waya. Ga kuɗin shigowa da ita daga waje, ga tsadar dala tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Kafin ka gama haɗa ta, kuɗin yakan kai na laftop ta hannu, wani lokaci ya wuce.

4. LISSAFIN WUTA

Ɗauko alƙalami mu yi lissafi tare.

Wat shi ne ma'aunin cin wuta, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Idan na'ura mai wat 1,000 ta yi aikin awa ɗaya, ta ci yunit ɗaya. Yunit shi ne abin da mita take ƙirgawa.

Tsohuwar kwamfuta ta girke da allonta tana cin kimanin wat 120. Laftop tana cin kimanin wat 40. Raspberry Pi ita kaɗai ba ta kai wat 10 ba a aikin yau da kullum, amma idan aka haɗa da allon kallo sai a ce wat 25.

A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ƙara wa masu rukunin A kuɗin yunit, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Daga baya a shekarar aka rage shi zuwa kusan naira 210. Bari mu yi misali da naira 210. A ce ana aiki awa 8 a rana, kwana 26 a wata. Awa 208 ke nan.

Ta girke: yunit 25, wato naira 5,250 a wata.
Laftop: yunit 8, wato naira 1,680 a wata.
'Yar mitsitsiya: yunit 5, wato naira 1,050 a wata.

Ka ga tsakanin ta girke da laftop akwai bambancin sama da naira 42,000 a shekara. Amma tsakanin laftop da 'yar mitsitsiya bambancin kaɗan ne, naira 630 a wata.

Mun san ƙauyuka da yawa ba su da wutar KEDCO. Janareto kuma ya yi tsada. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Saboda haka hasken rana ne mafita. Ko a cikin birni haka ne. A 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola, a ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara, don 'yan kasuwa su rage dogaro da janareto.

A ƙasar Kano, farantin sola mai wat 100 tare da batirinsa yana tara abin da zai riƙe na'ura mai wat 100 kimanin awa 4 a rana. Da wannan, ta girke za ta yi awa 3 da 'yan mintoci. Laftop za ta yi awa 10. 'Yar mitsitsiya za ta yi awa 16. Lokacin hunturu ƙura tana rage ƙarfin farantin, sai an riƙa goge shi.

Abin da lissafin ya nuna shi ne, a ƙauye ta girke ba ta da riba ko da kyauta aka ba ka. Kuɗin solar da za ta riƙe ta zai cinye rangwamen.

5. DARASI DAGA GALADIMA

An taɓa gwada kwamfuta mai araha a Nijeriya. Ya kamata mu san yadda aka ƙare.

A 2005 wani farfesa ɗan Amurka, Nicholas Negroponte, ya kafa shirin ba kowane yaro laftop guda. Ya yi alkawarin za a sayar da ita dala 100. An nuna samfurinta a birnin Tunis a watan Nuwamba na shekarar, tare da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Koriya ce da fari, tana cin wuta kaɗan ƙwarai, da Linux take aiki. Da ta shigo kasuwa farashinta ya kusa dala 200.

A 2007 aka raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, kimanin guda 300 don gwaji. Yara sun yi murna, sun kuma iya ta da wuri. Amma an sha wahalar wutar caji. Wasu kwamfutocin sun lalace, wasu sun ɓata. An yi ta maganar Nijeriya za ta sayi miliyan ɗaya, amma ba a saya ba. Shirin bai yaɗu ba.

Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta raba dubban ɗaruruwa. A 2012 wani bankin raya ƙasashen yankin ya fitar da binciken da ya yi a makarantun karkara 319. Ya gano yara sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Ƙasar Yurugwai kuwa ta fara nata shirin a 2007. Zuwa 2009 kowane yaro a firamaren gwamnati ya sami tasa. Shirin ya ɗore, domin sun haɗa da intanet a makarantu, da horar da malamai, da wuraren gyara.

Kwamfuta iri ɗaya ce a ƙasashen uku. Abin da ya bambanta shi ne wuta, da malami, da mai gyara. Duk inda aka rasa waɗannan uku, kwamfuta takan ƙare a cikin akwati tana shan ƙura.

6. AIBINSU

Ba mu ɓoye muku komai ba. Linux da 'yar mitsitsiya suna da nasu aibi.

Na ɗaya, yawancin masu gyara da Windows suka saba. Idan Linux ta yi gardama, ba kowane shago ne zai iya ba. Wani ma sai ya goge ta ya zuba maka kwafin Windows da ba a biya ba.

Na biyu, wasu manhajojin ba sa hawa Linux. CorelDraw, wadda masu buga katin biki da kalanda suke amfani da ita, tana cikinsu. Akwai madadinta kyauta mai suna Inkscape, amma sai an sake koyo. Wasu manhajojin gwajin JAMB ma don Windows ko waya aka yi su.

Na uku, ba kowace firinta ce take aiki da Linux ba tare da wahala ba. Sai an gwada.

Na huɗu, Raspberry Pi ba ta da batir. Idan wuta ta yanke tana cikin aiki, katin ajiyarta yana iya lalacewa, aikin da aka tara ya salwanta. Kayan gyaranta kuma ba su kai na laftop yawa a kasuwa ba.

7. TO, A SAYA KO A BARI?

Amsarmu ita ce a saya, amma kowa da irin tasa.

Ajin manya ko ƙungiya mai sayen guda ɗaya: ku sayi laftop ta hannu mai lafiya, a zuba mata Linux Mint ko Ubuntu. Tana da batir, tana cin wuta kaɗan, ana iya kulle ta a akwati, kayan gyaranta kuma suna nan a Fagge. Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ce amsarmu ga malamin da ya rubuto.

Makarantar da take son kujeru goma ko ashirin, tana da sola, tana da malamin da ya iya Linux: a nan 'yar mitsitsiya take da riba, domin ƙaramar sola za ta riƙe su duka. Ana kuma iya zuba mata manhajar Kiwix, wadda take ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba.

Mai son buɗe shagon buga kati da zane: ya tsaya a kan Windows, ya nemi kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11.

Wanda ba shi da wuta, ba shi da mai koya masa: ya dakata tukuna. Ya fara neman waɗannan.

Kada kuma a kashe kuɗin duka ranar saye. A kasa su uku. Kashi biyu na kwamfuta da sola. Kashi ɗaya a ajiye don gyara da ihisanin mai koyarwa.

8. RANAR SHIGA KASUWA

Kada wakili ya tafi shi kaɗai. Ya nemi ɗalibi ko malamin da ya san kwamfuta ya raka shi. Bayan gaisuwa, ya yi magana a fili: "Alhaji, kuɗin jama'a ne a hannuna. Ka yi haƙuri, sai mun gwada kafin mu biya." Ɗan kasuwar kirki ba zai ƙi ba. Sai a duba waɗannan:

(a) Ram. Ita ce kamar tabarmar shanya. Idan ta yi ƙanƙanta, aiki ba ya sauri. Kada ta gaza giga 4. Giga 8 ta fi.
(b) Rumbun ajiya. A nemi nau'in SSD. Ya fi sauri, ya fi jure jijjigar hanya.
(c) Batir. A cire caja, a kunna bidiyo na rabin awa, a ga nawa ya ragu.
(d) Maɓallan rubutu. A danna kowanne ɗaya bayan ɗaya.
(e) Allon kallo. Kada a ga layi ko baƙin tabo.
(f) Ramukan filash da wayfay. A gwada su duka.
(g) Kulle. A tabbata ba wata kalmar sirri ta tsohon mai ita.
(h) Linux. Ana iya kunna ta daga filash a gwada kafin a zuba. A gwada sauti da firinta.
(i) Rasit. A rubuta lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti.
(j) Mai gyara. A nemi wanda ya iya Linux, a karɓi lambarsa tun a ranar.

Idan wani ya tare ka a bakin titi da farashin da ya yi araha fiye da kima, ba shago ba rasit, ka wuce. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai yiwuwa kayan sata ne.

Idan an kawo ta gida, a ɗinka mata riga saboda ƙura. Kada a ɗora ta a kan katifa, domin ramukan shan iskarta za su toshe ta yi zafi. A nisanta ta da ruwa da shayi. A riƙa kwafe muhimman takardu a filash kowane mako. A buɗe littafi, duk wanda ya yi amfani da ita ya rubuta sunansa da lokaci. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe makulli. A kuma ware wa mata da 'yan mata ranakunsu, domin da kuɗinsu a cikin karo-karon.

SABABBIN KALMOMI

Manhaja: umarnin da ke sa kwamfuta aiki.
Buɗaɗɗiyar manhaja: wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa da rabawa.
Linzami: abin da ake turawa da hannu don nuna wuri a allon kallo.
Wat: ma'aunin cin wuta.
Yunit: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya.
Giga: ma'aunin yawan abin da kwamfuta take ɗauka.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin Windows da Linux?
2. Wace shekara JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya?
3. Faɗi abubuwa uku da kwamfuta take buƙata don ta yi amfani a ƙauye.
4. Laftop mai wat 40 ta yi aikin awa 5 a rana har kwana 20. Yunit nawa ta ci?
5. Idan an tara naira 240,000, nawa za a ajiye don gyara da mai koyarwa?

AIKIN AJI

Ku zauna da malaminku ku rubuta ayyuka biyar da kuke so kwamfuta ta yi muku. Ku ware waɗanda waya za ta iya. Abin da ya rage shi zai nuna muku irin wadda za ku saya.

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun jami'in ilimin manya na ƙaramar hukumarku. Za mu buga sunayen azuzuwan da suka ci duka. A fitowa ta gaba za mu kawo darasi a kan yadda ake zaɓen farantin sola da batir. Mu zama lafiya.